Sawun-kad Mai Baki Biyu

Gummi, Satumba 2021

Zuwa ga Yayata Tasalla,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Sambo da yara. Mu nan lafiya lau, sai zaman jiran tsammani. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana satar hanya ta je fadama duba shinkafa. 'Yar'uwarmu Binta tana gida da 'yarta Ummukulsum, ta fara rarrafe, ba abin da take gani a ƙasa ta bari.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka rufe layukan waya a jihar nan saboda 'yan bindiga, wayata ta koma tocila. Arzika direba, mai kai shinkafa Kano, shi ne layinmu yanzu. Duk abin da za ki aiko ki ba shi, kin san inda yake sauke kaya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Abokina Haris da zai tafi Legas ya bar min tsohuwar laftof ɗinsa, cike da waƙoƙi, har da manhajar da masu DJ ke haɗa waƙa da waƙa. Na zauna da ita har hannuna ya faɗa. Kuma na samu aikin farko. Gwaggo Laraba ta bayan masallaci za ta aurar da jikarta Rahina a wata mai kamawa, ta ce ni zan yi wa mata kiɗa ranar wuni. Sharu mai hayar sifiku ya yarda ya ba ni guda biyu da janareto.

Abu ɗaya ya rage. Ramin da ake soka wayar kunne a jikin laftof ɗin ya mutu, sauti ba ya fita ta nan. Sai an samo wani ɗan akwati da ake kira sawun-kad, a jona shi da laftof, shi ya fitar da sautin. Ba a samunsa a Gummi. Don Allah ki shiga kasuwar kayan lantarki ki saya min mai sauƙin kuɗi, amma mai baki biyu. Abin da na tara na ƙwadagon fadama yana hannun Arzika.

Yaya, kada ki cusa takardar nan ƙarƙashin keken ɗinkinki ki manta. Zaman banza ya ishe ni. Hayatu, tsohon abokina, ya dawo daga wajen Sunke, ya ce akwai gurbin mutum ɗaya a raminsu na zinari in ina so. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. In kiɗan nan ya karɓe ni, ba abin da zai kai ni rami. In bai karɓe ni ba, ban san amsar da zan ba shi ba.

Ƙanenki,
Lirwanu

*

Kano, Satumba

Lirwanu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya, kuma na ji daɗin labarin ƙafar Inna. Ka ce mata na ce shinkafa ba ta gudu, ta zauna. Malam yana gaishe ka. Ya ce bai san kana da kyan rubutu haka ba, na ce masa buƙata ce ta gyara shi.

Da ƙarshen takardarka zan fara, don shi ya hana ni cin tuwo. Har ka manta abin da ya tashe mu daga Tungar Guru? Yaro ne kai a lokacin, amma ba jariri ba. Ka ga Nuraddeen ɗina yana wasa a tsakar gida inda ake dakan dutsen zinari. Ka ga jijjigar da ya riƙa yi, kuma kana tsaye aka fita da shi. Gubar dalma ba ta wari, ba ta ɗaci, sai dai ka ga yaro ya daina gane uwarsa. Na ba ƙurar nan ɗa, ba zan ƙara mata da ƙane ba. In ka hango Hayatu ka ɗaga masa hannu ka canza hanya.

Sai maganar kiɗa. Da farko dariya na yi har Malam ya leƙo. Autan Inna da ko tafi ba ya yi daidai, yau shi ne mai raya biki! Amma in kiɗa zai tsare ka a gari, ko ganga ce ni zan ɗauko maka a kaina.

Na shiga kasuwar ranar Asabar, kuma ka jefa ni cikin abin da ban sani ba. Mai shagon farko ya miƙo min wani ɗan mitsitsi kamar yatsa, ya ce shi ne. Na biyu ya fito da wani a kwali, kuɗinsa ya kusa na kekena. Na uku ya ce in bar wannan shirme in sayi wani faranti mai fayafai biyu masu juyawa, wai kwanturola, da shi manya ke aiki. Duk wanda na ce wa mai baki biyu nake nema, sai ya ce ai nasa ma baki biyu gare shi. Na dawo gida kaina na sarawa.

Mene ne bakin biyun nan? Ka rubuto min dalla-dalla, yadda za ka yi wa Inna bayani. Ba zan saya ba sai na ji daga gare ka, don haka ka hanzarta.

Yayarka,
Tasalla

*

Gummi, ƙarshen Satumba

Yaya Tasalla,

Ina gaishe ku duka. Inna ta ce a gaya miki shinkafa ba ta gudu amma tsuntsaye na tashi da ita. Maganar Nuraddeen na ji, kuma ban manta ba. Allah ya sa mai ceto ne.

Ga bayanin. A wurin biki ba a barin kiɗa ya tsaya. Waƙa ɗaya tana tashi a sifika mutane na rawa, ni kuma ina sauraron mai bi mata a kunnena ni kaɗai, ina neman inda zan shigar da ita. Baki ɗaya na jama'a ne, ɗayan nawa, kuma abin da ke fita ta wannan dabam yake da abin da ke fita ta wancan. Ba yawan ramuka ake dubawa ba. Akwai mai ramuka biyar amma murya ɗaya ce ke fita ta dukansu, wannan ba zai yi min ba. Ki sa mai shagon ya jona a gabanki, ya kunna waƙa biyu, ke ki ji ɗaya a kunne ɗayar tana tashi a waje. In ya fara kame-kame ki wuce gaba.

Kwanturola ki bar shi, ba yanzu ba. Kada kuma ki sayi wanda sai an sauko masa da wata manhaja daga intanet kafin ya yi aiki, nan ko saƙon tes ba ya shiga. Wanda ake sokawa ya kama nan take nake so, ko da mummuna ne. In kuɗin ya yi saura ki haɗa min da abin kunne mai rufe kunnuwa, da doguwar waya mai kai ja da fari, irin wadda ke shiga sifikun Sharu.

Arzika bai tashi ba wannan satin, an ce hanyar Anka ba daɗi. Na ba wani direba mai bi ta Sakkwato takardar nan, ya rantse zai kai miki. Gwaggo Laraba kullum ta gan ni sai ta ce, "Yaro, kayan kiɗin sun taho?" Ni kuma sai in ce suna bisa hanya. Na gaji da faɗin haka.

Lirwanu

*

Kano, Oktoba

Lirwanu,

Muna lafiya, ina fatan kuna haka. Amma kai wane irin mutum ne? Na ce ka hanzarta, ka yi min shiru. Na je tasha har masu lodi sun san mayafina, ba takarda. Jiya na ga Arzika, ya ce gobe zai juya, kuma in bai tafi da kayan ba sai bayan biki. Na kwana ina juyi. Raina ya ba ni ko shirun nan na nufin ka bi Hayatu ne, sai da Arzika ya ce ya gan ka a ƙofar gida hankalina ya kwanta.

Don haka na yanke shawara da kaina. Na samu wani mai shago mai fara'a, na ce masa ƙanena mai kiɗan biki ne, sabon shiga. Ya ce ai duk samarin Kano masu ɗaukar bidiyo a waya wannan suke saye, kuma sunansa ke nan, sawun-kad. Na ƙirga ramukan da idona, na abin kunne kaɗai biyu ne, ban da sauran. Ka ce baki biyu, ga baki har da ƙari.

Kuma ka ga kyau! Fitilu ne ja da kore, da maɓallai a jere. Ya danna ɗaya sai ga tafi raf-raf kamar an cika shagon da mutane. Ya danna wani sai dariya. Na ce Gwaggo Laraba za ta ce ba a taɓa biki irin nata ba. Kuɗin ma bai cinye ba, na haɗa maka da abin kunne mai kauri da wata doguwar waya da ya ce kowace sifika tana karɓa.

In ka yi suna kada ka manta wadda ta sha rana a kasuwa. Allah ya sa a fara a sa'a. Ka rubuto da zarar an tashi.

Tasalla

*

Gummi, safiyar wuni

Yaya,

A tsaye nake rubutu, Arzika ya sauke kaya zai juya. Saƙo ya iso yanzun nan, na gode, Allah ya saka. Da alama takardata ta bayani ba ta same ki ba. Akwatin bai yi kama da wanda Haris ya taɓa nuna min ba, amma na ga ramin kunne biyu, wataƙila haka nasa tsarin yake. Ba caji a cikinsa, mu kuma ba wuta, man janareton Sharu kuwa na awon biki ne, ba zai tayar ba sai mata sun taru. Can zan gwada. Ki yi min addu'a.

Lirwanu

*

Kano, Oktoba

Lirwanu,

Takardunka biyu sun iso min rana ɗaya, ta bayanin da ta safiyar biki. Ta farkon ta yi yawo har ta yi laushi, wani ɗan kamasho ya tsince ta a aljihun mota. Na karanta ta a tsaye, na ja mayafi na koma kasuwa.

Na sa mai shagon ya jona irin naka ya kunna waƙa biyu kamar yadda ka ce. Ya yi ta murɗe-murɗe, daga baya ya ce Hajiya ai wannan ba na haka ba ne, na masu hira da waƙa a waya ne, duk ramukan abu ɗaya suke fitarwa. Na ce me ya sa bai faɗa ba. Ya ce ban tambaya ba.

Wai don ya lallashe ni sai ya shiga nuna min sauran maɓallan da ban ji ba ranar. Akwai haushin kare, akwai kukan hankaka. Sai ya danna wani a layin ƙasa. Lirwanu, harbin bindiga ne. Ni da ke tsakiyar Kano sai da na durƙusa a shagon, yaran kasuwa na dariya. Ya ce matasa na son sa, yana ƙara wa kiɗa armashi.

Na san bikin ya riga ya wuce, takardar nan ba za ta hana komai ba. Amma na kasa zama. Ka gaya min ba ka taɓa layin ƙasan nan ba. Ka rubuto ko kalma biyu ce.

Tasalla

*

Gummi, Oktoba

Yaya Tasalla,

Muna nan da rai. Na taɓa shi.

Bayan la'asar mata suka cika gidan Gwaggo Laraba, har bisa katanga yara. Sharu ya tayar da janareto, na jona komai, na sa wata waƙa mai sanyi, ta fita tas. Wallahi a lokacin ji na yi duniya ta zama tawa. Sai na ce bari in san maɓallan nan kafin rawa ta yi zafi. Na sa abin kunnen da kika aiko, mai kaurin nan da ba ka jin komai na waje, na sunkuyar da kai. A zatona ni kaɗai nake ji.

Na danna tafi. An ce mata sun yi shewa, ni ban ji ba. Na danna dariya. Na sauka layin ƙasa na danna. Da na ji ƙarar sai ta ba ni mamaki yadda ta yi kama da ta gaske, na sake dannawa, na kuma sakewa. Kuma sifikun Sharu kin san ba na wasa ba ne, da su ake wa'azin kasuwa.

Da na ɗaga kai ba kowa a tsakar gidan. Takalma ne ko'ina, da mayafai, da tukunyar shinkafa a kife. Ban ma gane ba, ina zaune da abu a kunne ina waige-waige. Unguwa gaba ɗaya ta watse, wasu har fadama. Amarya a cikin rumbu aka same ta. Yaron maƙwabta sai gab da magariba aka gano shi kwance cikin shinkafa, ya ƙi tashi ko da ya ji muryar uwarsa. Gwaggo Laraba ta faɗi a dokin ƙofar zaure, mutane suka bi ta kanta, hannunta ya karye.

'Yan sa-kai suka iso da gudu da bindigoginsu na gaske. Da suka gane abin da ya faru, ɗaya ya kwaɗa min mari, kuma na cancanci ya ƙara. Babbansu ya ce, "Kai, garin ga da mutane ka kwana da takalmi ga ƙahwa zaka yi ma wasan bindiga?" Ya taka akwatin da dugadugi. Sharu ya kwashe sifikunsa ko kallona bai yi ba. Washegari aka kai Rahina ɗakinta shiru, ba guɗa ba waƙa.

Ba laifinki ba ne, kada ki ɗora wa kanki. Ni na danna. Amma yanzu ko shago na je sai yara su bi ni suna DJ Bindiga, manya kuma su yi shiru har in wuce. Shirun ya fi ciwo. Ba wanda zai sake kirana biki a ƙasar Gummi, kuma ba na iya haɗa ido da kowa.

Na gaya wa Inna zan bi Hayatu. Ta ce, "Kunya ta ka kai ka ramen ga? Tai, amma ka sani ban lamunta ba." Laftof ɗin na bar ta a ɗakinta. Ki yi haƙuri, Yaya.

Lirwanu

*

Kano, Oktoba

Lirwanu,

Ban san inda takardar nan za ta same ka ba. Na ce wa Arzika in ba ka Gummi ya bar ta Anka wurin mai shayin tasha, mutanen ramuka duk can suke biyowa.

Na yi kuka da na karanta, na yi wa Gwaggo Laraba, na yi wa yaron cikin shinkafa, na yi maka. Sannan na share hawaye na ji haushinka. Ka ce ba laifina, to na wa? Ni fitilu suka ruɗa. Kuskuren na mutum biyu ne, amma kai kaɗai ka ɗauke shi ka gudu da shi rami. Ka je ka duba hannun tsohuwar nan kafin ka tafi? Na san ba ka je ba.

Na koma kasuwa da takardarka ta bayani a hannu, na bi shago-shago ina karanta musu. Wasu na dariya, ban damu ba. A wani lungu na samu irin wanda kake so. Baƙi ne, ba fitila, ba maɓalli ko ɗaya, in ka gan shi a hanya ba za ka ɗauka ba. Na sa aka jona. Na ji wata waƙa a kunnena, wata dabam tana tashi a shagon. Na sa aka cire aka sake sokawa a wata laftof ɗin, ya kama ba tare da an sauko da komai ba. Na sa aka sake har mai shagon ya ce ko ni ce mai kiɗan. Malam ya cika min abin da ya gaza. Na haɗa da waya mai kai ja da fari, na aika wurin Binta ta ajiye maka.

Yana can yana jiranka. Ban ce zai gyara sunanka ba, wannan aikinka ne. Amma ka fito daga wurin nan. Tun da na ji ka tafi, in na rufe ido tsakar gidanmu na Tungar Guru nake gani.

Tasalla

*

Wajen Sunke, Nuwamba

Yaya,

Ina lafiya. Takardarki ta daɗe wurin mai shayi kafin in shigo Anka. Ki yafe shirun.

Ba ni shiga ramin, sabo ne ni. A injin niƙa suka sa ni, ina zuba dutse ina kwashe gari. Na san abin da za ki ce, shi ya fi ƙura. Muna ɗaura ƙyalle a hanci, kafin azahar ya yi fari. Mutanen nan daga ko'ina suke, wasu ko Hausa ba su ji sosai, kuma ba wanda ya san sunan da yaran Gummi suka sa min. Abin da ya zaunar da ni ke nan. Ramin kuwa har yau bai ba da komai ba, kullum Hayatu na cewa saura kaɗan.

A tasha na yi kiciɓis da Arzika, ya ce yana ɗauke da saƙon baki daga Gwaggo Laraba. Na so in sulale, ya riƙe min riga. Ga abin da ta ce, yadda ya faɗa min: "Ku ce ma Lirwanu ɗan Hamsatu, ni da hannuna yak karye ban bar gari ba, shi mi as same shi? An kai jikata ɗaki kamar an sato ta. Shi yaw watsa bukin ga, shi ka tara min shi. In ɗorin ga ya kama, za mu sake wuni."

Tun da na ji na rasa sukuni. Rabin raina na cewa tarko ne, a tara ni a yi min dariya. Rabin na cewa ko mata za su zo ma? Kuma Sharu zai sake ba ni sifika? In na je abin ya sake lalacewa, Yaya, ko nan ba zan iya dawowa ba, sai dai in bi duniya. Hayatu ya ce in na tafi zai riƙe min gurbina sati ɗaya.

Ban yanke ba tukuna.

Lirwanu

*

Kano, Nuwamba

Lirwanu,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunka. Tsohuwa mai karyayyen hannu ta kira ka, kana wani ban yanke ba. Tashi ka tafi. In dariya za su yi maka su yi, ka ci bashinta. Sharu kuwa ka je da kanka ka gaishe shi, ka nuna masa akwatin ba maɓalli.

Amma ka saurare ni da kyau, wannan ya fi komai. Kada ka shiga gidan Inna da kayan da ka yi niƙa da su. Ka sauka bakin gulbi tun kafin gari, ka yi wanka da sabulu, ka wanke kai da ƙasan farce. Rigar da wandon da takalman ka bar su can, kada ka ce za a wanke a gida. Na aika wa Binta sabuwar riga da na ɗinka maka, za ta ba Arzika ya tare ka da ita. Sai ka yi haka za ka ɗauki Ummukulsum. Yarinyar nan komai a baki take sawa, kuma mu ma wancan karon ba wanda ya shigo mana da mugun nufi, a jikin tufafi da buhuna abin ya shigo.

Ban iya barci sai na ji ka isa.

Tasalla

*

Gummi, Nuwamba

Zuwa ga Yayata Tasalla,

Assalamu alaikum. Ina gida. Inna lafiya, Binta lafiya, Ummukulsum ta fara tsayuwa da bango. Na yi duk yadda kika ce a bakin gulbi, masunta na kallona kamar sabon mahaukaci. Rigar ta yi min yawa a kafaɗa, na rame.

Na fara zuwa wurin Gwaggo Laraba. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri ta ce, "Tashi, ba ni son dogon zance. Kiɗi nika so." Sharu ya juya akwatin sama da ƙasa yana neman maɓalli, da bai samu ba ya ce sifika ɗaya zai ba ni, kuma shi zai zauna kusa da janareto da hannunsa a kan maɓallin kashewa. Kwana ɗaya kafin wunin na sa ya tayar na ɗan lokaci, na gwada komai a gabansa. Waƙata a kunnena, ta jama'a a sifika. Yaya, kin iya sayayya.

Mata ba su cika gidan ba kamar wancan karon. Waɗanda suka zo kusa da ƙofa suka zauna, ba wadda ta cire takalmi, ba wadda ta sauke goyo. Na ɗauki makirfo na ce ni ne na tsorata su, na roƙi gafara, na ce yau ba abin da zai fita ta sifikar nan sai waƙa. Na sa abin kunnen a kunne ɗaya, ɗayan na bar shi a buɗe, idona a kansu.

Waƙar farko ta ƙare ba wadda ta motsa. Na shigar da ta biyu ba tare da kiɗan ya yanke ba, zufa na bin bayana. Sai Gwaggo Laraba ta miƙe da hannunta a ɗaure da karan ɗori, ta shiga tsakiya ita kaɗai tana takawa a hankali. Wata ta rangaɗa guɗa. Aka jawo Rahina. Daga nan ban san yadda aka yi ba, fili ya cika, suna rawa da takalmansu da 'ya'yansu a baya. Kafin magariba muka tashi, kowa ta tafi gida da ƙafarta. Yara har yanzu suna kirana da sunan nan, amma wata mata daga Bukkuyum ta tambayi Binta ko ina zuwa kiɗan bikin suna.

Yanzu ga abin da ban gaya wa Inna ba. Jiya Hayatu ya aiko. Bayan tahowata ramin ya buɗe, sun samu, kuma ba kaɗan ba. Ya ce gurbina na nan, amma in ban koma satin nan ba zai ba wani. Abin da Gwaggo Laraba ta ba ni, bayan na sallami Sharu, ko kuɗin motar Anka bai kai ba. Na zaga tsakar gida har Binta ta ce ko kunama ta harbe ni.

Arzika na ƙofa yana jira. Takardu biyu zan ba shi, taki da ta Hayatu. Tasa layi ɗaya ce, na ce ya ba wani gurbin. Sau biyu na ajiye biro kafin in gama, ba zan ɓoye miki ba. Amma na rubuta, kuma na liƙe ta.

Ƙanenki,
Lirwanu